Abin da Na Gani ta Kafar Bindiga

Mutumin da ya fara kai ni ɗakunan kankaren nan da ke bakin tekun Ingila, da hannunsa aka gina wasu daga cikinsu. A gidansa na yi haya a garin Hull, lokacin da gwamnatin jiharmu ta tura ni ƙaro karatu a 1980. Mu 'yan haya Tsoho muke ce masa a bayan idonsa, ko da yake bai cika sittin ba. Magini ne wanda ciwon baya ya zaunar. Tafin hannunsa duk kanta, fatar yatsunsa ta tsage ta warke ta sake tsagewa, har ba ya iya tsintar allura idan ta faɗi ƙasa. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa sun watse neman abinci, sai ya zuba ɗalibai a saman benen.

Hull garin jiragen ruwa ne a bakin kogin Humber, arewa maso gabashin ƙasar, kuma cikin ƙunci na same shi. Rigimar kamun kifi da ƙasar Iceland ta ƙare a 1976 ba yadda mutanen garin suka so ba, jirage na ɗaure suna tsatsa, magidanta na zaune. Ƙarnin kifi dai bai bar unguwannin bakin ruwa ba. Abin da ya fi ɗaure mini kai layukan gidajensu ne: gida manne da gida, ƙofa kusa da ƙofa, sai kwatsam ka tarar da giɓi, fili fetal ana ajiye motoci, sannan layin ya ci gaba. Tsoho ya ce yawancin giɓin nan gidaje ne da bam ya ɗauke. Mutum kusan 1,200 jiragen Jamus suka kashe a garin a yaƙin duniya na biyu, gidajen da suka tsira ba ko ƙwarzane ba su wuce biyar cikin ɗari ba. Ya ce a lokacin ko sunan garin ba a faɗa a rediyo, sai dai a ce an kai hari wani gari a gaɓar arewa maso gabas. Shekara arba'in abin nan bai bar ransa ba.

Wani dare muna shan shayi a kicin ya tambaye ni sana'ar mahaifina. Na ce noma yake yi, amma tsohon soja ne, ɗan Boma. Ya ajiye kofinsa. Ya ce wace runduna, ta 81 ko ta 82? Na ce ban sani ba. Ya dube ni ya daɗe.

Da gaske ban sani ba. Ni ne ɗan farin Baba, tsakaninmu akwai kunyar nan da kowane Bahaushe ya sani: ba ya kiran sunana, ba ya zaman hira da ni, idan yana da saƙo sai ya bi ta bakin Baffa, ƙanensa, ko da ina tsaye a wurin. Abin da na sani game da yaƙinsa bai wuce abin da kowane yaro a ƙauyenmu na ƙasar Zazzau ya sani ba. Akwai gwangwanin da lambobinsa ke ciki a ƙarƙashin gado. Akwai tabo a ƙaurinsa. Akwai barikokin Kaduna, Dalet da Kalapanzin, waɗanda na sha wucewa ta gabansu ban taɓa kawowa a raina cewa wurare ne a wata ƙasa inda aka binne mutanenmu ba. Sai kuma wata ɗabi'a tasa: Baba ba ya ratsa fili. Idan za mu gona kowa zai yanke ta tsakiyar filin makaranta, shi sai ya bi gefe, ta jikin darni, ta ƙarƙashin itatuwa, ko da hanyar za ta ninka. Ranar Idi ma sai ya kewaya ta baki ya shiga sahu daga gefe. Mutane na cewa halin 'yan Boma ne, dama kansu ba daidai yake ba. Ni kuwa ina yaro kunya ke kama ni in ga ana tsaye ana jiranmu.

Tsoho ya fi ni sanin yaƙin ubana. Wani abokin aikinsa ya yi yaƙin can, shi ya ba shi labarin sojojin Afirka ta Yamma da suke ɗaukar kaya a ka cikin dajin da mota ba ta shiga, ana jefo musu abinci daga jirgin sama. Shi ya ba shi labarin ramukan Japanawa, waɗanda ba a karɓarsu sai mutum ya je bakinsu da ƙafarsa. Ya ce su kansu Turawan da suka yi yaƙin Boma, rundunar da aka manta suke kiran kansu.

"To ni nawa yaƙin zan nuna maka, yaro," in ji shi. "Ba shi da yawa."

Wata Lahadi cikin kaka muka shiga tsohuwar motarsa ta ɗaukar kayan gini muka yi arewa, ta cikin gonakin alkama da aka riga aka girbe, ƙasa shimfiɗe har iyakar gani, sai wani wuri da ake kira Fraisthorpe, kudu kaɗan da garin Bridlington. Ban taɓa tsayawa gaban teku ba sai ranar. Na zaci shuɗiya zan gani. Ruwan ja-ja ne, launin ambaliya, saboda yumɓun da yake ci daga gaɓa. Mun zo ta janye, ta bar rairayi mai faɗi jiƙe sharkaf yana ƙyalli, iska kuwa tana shiga ta wuyan riga tana fita ta ƙafar wando.

Abin da na fara gani jerin curin kankare ne masu kusurwa huɗu, kowanne ya kai mini ƙirji, wasu sun nutse rabi cikin rairayi, wasu sun karkace. Na tare tankokin yaƙi ne idan sun sauko daga jirgi. A bayansu sai ɗakin. Gajere ne, mai kusurwa shida, rufinsa shafe, gindinsa ya yi kore da gansakuka, tsatsa na tsiyaya daga inda rodi ya leƙo. Tsoho ya dafa bangon ya nuna mini layi-layi a jikinsa, sawun katakon da aka zuba kankaren a ciki. Ya ce wannan ba nasu ba ne, nasu yana can kudu, amma ya san leburorin da suka yi shi, kuma ya san a gaggauce suke, don ga inda zubin farko ya sha iska kafin a kawo na biyu.

Ga yadda abin ya kasance, daga bakinsa da kuma abin da na bi na karanta. Cikin watan Mayu na 1940 sojojin Hitila suka ratsa Holan da Beljiyam suka faɗa Faransa. Daga ƙarshen watan zuwa 4 ga Yuni aka kwaso sojan Birtaniya da na ƙawayenta fiye da 338,000 daga Dunkirk a gaɓar Faransa, amma tankoki da igwogi da motoci kusan duk a can aka baro su. Kowa ya sakankance Jamus za ta ƙetaro. Janar Ironside, wanda aka damƙa wa tsaron gida, ba shi da kayan da zai tari abokan gaba a sarari, sai ya koma ga abin da ƙasar ke da shi: siminti, tsakuwa da hannuwan mutane. Ma'aikatar yaƙi ta fitar da zanen ɗakuna iri-iri aka rarraba wa 'yan kwangila gari-gari. Aka ce a ɗaure gaɓar teku, a kuma ja wasu layukan a cikin ƙasa, ta bakin koguna da hanyoyin jirgin ƙasa. Kimanin 28,000 aka gina a faɗin Birtaniya tsakanin 1940 da 1941. Aka tuge allunan da ke nuna hanya. Aka hana kaɗa ƙararrawar coci sai ranar da abokan gaba suka sauka. Aka rufe bakin teku da waya mai ƙaya, aka binne nakiyoyi a inda yara suka yi wasa bara.

Tsoho yana ɗan shekara 17 a lokacin, yaron magini. Ya ce tun asuba suke farawa sai duhu ya kore su, kuma a ƙasar nan da bazararsu rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe tara. Da shebur suke kwaɓi, da baro suke turawa. Katako ya yi ƙaranci, wani wurin sai a jera jan bulo a zuba kankaren a tsakani a bar bulon a jiki, wani wurin a tare da kwanon rufi. Rodi ma ya yi wuya, har ƙarafan shingen lambu aka yanko aka cusa, ya ce da idonsa ya ga ƙarfen gado ya shiga cikin rufi. Wani bangon kaurinsa ya ɗan wuce ƙafa ɗaya, na tare harsashi kawai, wani ya kai mita guda. Rairayin kuwa a nan ƙarƙashin ƙafarsu suke ɗiba, da gishirinsa da komai, alhali ko yaron magini ya san gishiri na cin rodi. Ya ce ya gaya wa ubangidansa haka. Ubangidan ya ce idan ɗakin ya yi wata uku a tsaye ya biya kuɗinsa.

Sai da na sunkuya na shiga. Duhu, sanyi irin mai shiga ƙashi, zarni, gwangwanaye, rairayi ya cike ƙasa har kaina na gogar rufi. Masoya sun karce sunayensu a bango. Akwai ɗan gajeren bango a tsakiya, Tsoho ya ce don idan harsashi ko ɓaraguzan gurneti suka shigo ta kafa ɗaya kada su kwashe kowa gaba ɗaya. Kafofin bindiga biyu ne masu faɗi, kuma ba teku suke kallo kai tsaye ba, kowace ta karkata tana bin tsawon gaɓa, yadda wutar wannan ɗaki za ta giciye da ta na gaba, ba inda mutum zai taka ba a gan shi ba. A ƙarƙashin kowace kafa bangon ya yi ƙusumbi, ya ce wurin ajiye galan ɗin ruwan da ke sanyaya bindiga mai jigida ne. Irin wannan zanen a yankin nan na arewa maso gabas kaɗai ake samunsa.

Ƙofofin ne suka tsaya mini a rai. Biyu ne, kuma dukansu inda kafofin bindiga suka fuskanta nan suka fuskanta. Na ce, to idan aka fi ƙarfinku ta ina za ku fita?

Ya ce, "Ba a zana shi don fita ba."

Umarnin da aka ba na ciki shi ne su riƙe wurin har harsashi ya ƙare. Ba wanda ya sa rai za su kori Jamus. Abin da ake so su sayo wa na baya 'yan sa'o'i.

A tsaye cikin duhun nan ya ba ni labarin darensa. Ranar Asabar 7 ga Satumba 1940, ranar da jiragen Jamus suka fara yi wa Landan ruwan bama-bamai gadan-gadan, da dare aka aika wa sojoji kalmar sirri, Cromwell, wadda ke nufin a zauna cikin shiri, mamaya ta kusa. Wurare da dama suka ɗauka an riga an sauka, har aka kaɗa ƙararrawa. Shi ya riga ya shiga rundunar 'yan sa-kai masu tsaron gida, sai aka haɗa shi da wasu sojoji uku aka zuba su cikin ɗakin da shi ya kwaɓa simintinsa, bangon bai gama bushewa ba, yana ta warin sabon gini. Aka ba shi bindiga da harsashin da bai cika tafin hannu ba. Ya ce ba duhun ba ne ya fi damunsa, ƙarar ce. Idan igiyar ruwa ta buga ta koma tana jan tsakuwa, ƙarar da take yi daidai take da ta gindin jirgi yana gogar ƙasa. Kowace igiya sai ya ce ga su nan. Ta koma, wata ta zo, ya ce ga su nan. Har gari ya waye. Ya ce can cikin dare fitsari ya kufce masa, ba wanda ya ce uffan, don ba shi kaɗai ba ne.

Ba su zo ba. Ranar 17 ga Satumba Hitila ya ɗage shirin ƙetarowar, bai kuma sake komawa kansa ba. Bayan yaƙi aka gano ko da sun zo ba nan za su sauka ba, gaɓar kudu suka nufa.

Daga nan ya ce, "Tsaya nan. Sa idonka a kafar." Ya fita.

Ina kallonsa ya gangara rairayin yana ɗingishi, yana ƙanƙancewa, har ya kai bakin ruwa ya zama ɗan baƙin abu. Sai ya juyo ya fara takowa wajena.

Ban san yadda zan gaya muku tsawon tafiyar nan ba. Ba dutse, ba ciyawa, ba ko ɗan kwarin da mutum zai kwanta. Haske ya zagaye shi ta ko'ina, ni kuwa ina cikin duhu, ba ya ganina. Ina ganin yadda ƙafarsa ke nutsewa yana zaro ta. Ina ganin ya tsaya ya dafa ƙugu. Can na fara ganin farin gashinsa, can maɓallan kwat ɗinsa, kuma har yanzu da sauransa. Na tarar gwiwar hannuna ta sami wurin zama a kan dakalin kafar ba tare da na neme shi ba, wurin an yi shi ne daidai da jikin mutum. Yaro ƙarami da bai taɓa riƙe bindiga ba zai kashe shi sau goma kafin ya ci rabin filin. Abin da ya zo raina ke nan, sai wani ya biyo shi, na ji tsigar jikina ta tashi: Tsoho a ciki ya yi nasa yaƙin. Baba a waje ya yi nasa. Wani mutum, a wani daji, ya taɓa sa ido a kafa irin wannan, ya ga ubana yana tahowa kamar yadda nake ganin dattijon nan, da maɓallansa da komai.

Filin makarantar ƙauyenmu ya faɗo mini, da darnin da yake bi, da ni a bayansa ina ƙunƙuni.

Tsoho ya iso yana haki, ya leƙo ta kafar yana murmushi. So yake in yaba aikinsu, in ga cewa ba a zaɓi wurin da ka ba. Na ce masa lalle an iya aiki. Ƙafafuna rawa suke yi, na zauna a kan curin kankare na ce sanyi ne. Ban iya gaya masa ba, a lokacin ni kaina ban gama haɗa shi a baki ba.

A hanyar komawa ya ba ni sauran labarin, idonsa a kan titi. Daren 7 da na 8 ga Mayu 1941 aka yi wa Hull mafi munin ruwan wuta, mutum wajen 400 suka mutu. Yana gadi a bakin teku jiragen suka wuce ta saman kansu, ta saman ɗakunan da suka zubar da guminsu a kai, yana jin gurnaninsu ba abin da zai iya. Sararin kudu ya yi ja har asuba. Yayarsa tana aure a garin, da goyo. Ba a sami abin da za a binne da yawa ba. Daga baya aka tura shi ginin filayen jiragen sama, har yaƙi ya ƙare bai harbi kowa ba.

Ɗakunan ma ba su daɗe da daraja ba. Tun cikin Yulin 1940 aka sauke Ironside aka naɗa Janar Alan Brooke, wanda ya fi yarda da sojan da zai iya zabura ya tari abokin gaba duk inda ya ɓullo, a kan wanda aka dasa wuri guda. Kafin 1942 ta yi nisa an daina ginawa. Bayan yaƙi aka riƙa ba manoma 'yan kuɗi su rushe na gonakinsu, Tsoho ya ce da yawa suka karɓa suka bar abinsu, don fasa kankare ya fi ƙarfin kuɗin. Ƙidayar da aka yi daga baya ta nuna kimanin 6,500 suka rage.

Cikin hunturu ya kai ni nasa. Gaɓar nan ta Holderness, daga Bridlington har ƙurewar Spurn a bakin Humber, yumɓu ce zalla, teku na cin kusan mita biyu a kowace shekara, tana cikin mafi saurin zaizaya a Turai. Ƙauyuka da yawa sun tafi. Cocin wani ƙauye mai suna Owthorne ya rufta cikin ruwa a 1816, har da maƙabartarsa. Ko babban sansanin igwa na Kilnsea, wanda aka gina tun yaƙin duniya na farko, yanzu a rairayi yake warwatse. Tsoho ya ce a tsakiyar gona suka gina nasu, sai ka yi tafiya kafin ka kai baki. Mun same shi a ƙasa, ya faɗo daga gaɓa ya kwanta a gefe kamar tukunyar da ta tuntsure daga murhu, ƙofarsa na kallon sama. Bai fashe ba. Dattijon nan mai ciwon baya ya kewaye shi yana shafawa yana neman tsaga, bai samu ba, na ga idonsa ya cika.

Teku na cikowa a lokacin. Igiya ta farko da ta kai ga ɗakin ta buga ciki da wata ƙara mai amo da na ji ta a haƙarƙarina. Kafin in juya na ji wani gurnani a bayanmu: ɓangaren gaɓa ya sulmiyo gaba ɗaya, da ciyawarsa kore da turken shinge har yanzu a tsaye a kai, ya zube taku kaɗan daga inda muke. Gaba ruwa, baya bangon yumɓu mai santsi da ba ya hawuwa. Tsoho ya damƙi hannuna da hannun nan nasa mai kaushi muka bi gindin gaɓa da sassarfa, kumfa na lasar takalmanmu, ina ta jan duk addu'ar da ta zo bakina, har muka kai wata gangara da manoma ke saukowa. Har yau idan na ji bango ya faɗi da damina, wurin nake komawa.

Na dawo gida a 1982 da hotuna. Wata rana bayan la'asar Baba da Baffa suna zaune a zaure, na durƙusa daga bakin ƙofa na miƙa wa Baffa. Na yi masa bayani da ƙarfi yadda na gefensa zai ji: ga kaurin bango, ga kafa, ga ƙofa, ga wanda ya gina. Baffa ya duba ya miƙa. Baba ya nisanta hoton da idonsa ya daɗe yana kallo.

"Tambayi wannan," ya ce wa Baffa, "an zo musu?"

Na ce wa Baffa ba a zo ba.

"Allah Ya yi masa gyaɗar dogo. Amma zaman cikin ma ba daɗi."

Ya yi shiru har na zaci ya gama. Sai ya ci gaba, fuskarsa wajen Baffa, muryarsa ƙasa-ƙasa, ban taɓa jin ya yi magana mai tsawon haka ba. Runduna ta 82 yake. A 1944 aka ɗebe su a jirgin ruwa zuwa Indiya, ƙarshen shekara suka shiga Arakan a ƙasar Boma, cikin Janairun 1945 suka haɗu da 'yan'uwansu na runduna ta 81 a Myohaung, daga nan suka yi kudu cikin duwatsu.

"Wannan na Baturen ai yana tsaye kowa na ganinsa," ya ce, yana buga hoton da yatsa. "Na Japanawa ba ka gani. Rami ne a jikin tudu, su jera gungume bisa gungume, su zuba ƙasa, su dasa ciyawa a kai. Kafar ba ta fi tafin hannuna ba. Ba ka san yana nan ba sai ya yi magana. Igwa ta wuni tana dukansa, ka ce ko tururuwa ba ta rage ba, kuna tashi ya amsa. Ka nufi wannan, na gefe ya harbe ka, don kowanne na gadin ɗan'uwansa. Ba wata dabara sai mutum ya ja ciki har bakinsa ya jefa gurneti."

Ya ce akwai ranar da aka ce su karɓi wani tudu, tsakaninsu da shi gonar shinkafa ce busasshiya, an girbe, ko kara babu. Su biyu aka ba gurneti, shi da wani ɗan ƙasar Bauchi da suke cin abinci a kwano ɗaya tun daga bariki. Shi ya kai. Abokin bai kai ba.

"Uku muka samu a ciki. Yara ne, Malam, duk sun rame, ƙafafunsu sun kumbura. Saje ya ce a jawo su waje, muka jawo. Rana na faɗuwa 'yan'uwansu suka fara mana ruwan igwa a kan tudun. Ina za mu? Sai muka shige ramin. Jininsu bai bushe ba muka kwanta a kai. Ramin nan shi ya tsare mu, ƙasa na zubo mana a ka amma gungumen bai karye ba."

Baffa ya ce, "Ikon Allah."

"Akwai farin wata. Na sa idona a kafar. Ga gonar nan duka a gabana, ga sawun cikina inda na ja, a fili, kamar an zana. Ga shi can kwance inda na baro shi. Na ce, ashe haka suke ganinmu. Na kwana ina kallonsa, ba halin fita."

Ina durƙushe a bakin ƙofa, kaina a ƙasa, hawaye na ɗiga a kan tabarma, ba wanda ya dube ni.

"Da asuba igwa ta yi shiru muka ɗauko shi. Ba likkafani, a bargonsa muka naɗe shi. Akwai wani kofur da ya yi karatun allo mai zurfi, shi ya yi masa salla. Da muka zo sa shi a kabari na juya fuskarsa gabas yadda muka saba, kofur ya riƙe hannuna ya ce a'a, a ƙasar nan Makka a yamma take. Sai muka juya shi yamma."